Tsutsar lemun tsami ba ta cin latas, Hajiya

Wa alaikumus salam Hajiya. Na karanta tambayarki har sau biyu, in dai na fahimta daidai abun da ya faru shi ne yaronki ya tsinto tsutsotsi guda huɗu a jikin lemun tsamin da ke tsakar gidanku, biyu koraye biyu kuma kamar kashin tsuntsu, ya zuba su a kwalba, kuka yanko tsohon gidan sauro kuka rufe bakin, kuka sa musu latas da kabeji tunda su ne ganyen da ke firij, kwana biyu duk suka mutu yaro ya yi ta kuka. Yanzu kina son sanin ya ake kiwonsu har su zama malam-buɗe-littafi, sannan kina tambaya ko faɗa-wuta ɗin nan masu zuwa jikin ƙwan lantarki da daddare su ma haka ake yi da nasu tsutsotsin.

Toh ki ba yaron haƙuri, ki ce masa wani malami ya ce shi ma haka ya fara. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma wallahi tsutsotsin da suka mutu a hannuna kafin in gane kan abun ba zan iya ƙirga su ba.

Tsutsa ba akuya ba ce. Akuya ko kwali ta samu za ta tauna, ita kuwa tsutsar malam-buɗe-littafi kowace iri da ganyenta, wata ganye ɗaya tak ta sani, wata kuma 'yan dangin wannan ganyen, in kika ba ta wani daban za ta zagaya shi ta zagaya har yunwa ta kashe ta ba ta ko ɗanɗana ba. Uwar ce ke zaɓa mata abinci tun tana ƙwai. In kin taɓa lura da malam-buɗe-littafi yana sauka a ganye ya tashi, ya sauka a wani ya tashi kamar mai neman abun da ya ɓata, galibi macen ce, da ƙafafunta na gaba take ɗanɗana ganyen, a ƙafa ɗanɗanonsu yake, sai ta tabbatar ganyen gidansu ne sannan ta lanƙwasa ciki ta manna ƙwai. Saboda haka duk tsutsar da kika tsinta, ki dubi ganyen da kika same ta a kai tana ci, shi ne abincinta har ta gama, kuma in kika tsince ta a ƙasa ko jikin bango ba ki san ganyenta ba, ki bar ta inda take, ƙila ma ta gama cin abincin ne tana neman inda za ta kwanta. Da yaron ya tsinko musu ganyen lemun nan da ke tafiya uku daga inda kwalbar take, da an wuce wannan matsalar.

Amma ko da kun ba su ganyen lemun, ina jin da wuya su kai labari, saboda gidan sauron. Wanda ake rabawa a asibiti da lokacin rigakafi mai magani ne, an jiƙa zarensa da maganin ƙwari irin su permethrin ko deltamethrin, kuma an yi shi ne don ya jure wanki ya yi shekaru yana aiki. Abun da ke kashe sauro don ya taɓa shi kawai, kinga tsutsar da ta hau ta kwana a jikinsa ai ba sai an faɗa ba. Wannan kuskuren kusan duk wanda ya zo mini da irin labarinki ya yi shi. Ki nemi tsohon gyale shara-shara ko mayafin da aka daina sawa, ki wanke shi tas ki ɗauraye sosai, ko ki sayi net ɗin taga wajen masu kayan gini.

Su waɗancan huɗun da kuka ɗauka iri biyu ne, iri ɗaya ne, shekarun ne dai ba ɗaya ba in ji masu magana. A boko sunansa Papilio demodocus, babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa da wasu idanu ja da shuɗi a fiffiken baya, duk gidan da ke da lemu an san shi. Tana ƙarama tsutsar baƙa-baƙa ce da fari a tsakiya tana ƙyalli sak kashin tsuntsu, tana kwance a saman ganye a fili ba ta ko ɓuya don ta san ba tsuntsun da zai tsaya cin kashi, sai a saɓar ƙarshe ta rikiɗe ta koma koriya kalar ganyen. Ki ce wa yaron in ya sake samun wata ya ɗan taɓa bayanta da tsinke a hankali, zai ga ta fito da wani abu mai reshe biyu ja-ja daga bayan kanta kamar harshen maciji, ga wani wari kamar ruɓaɓɓen ɓawon lemu. Ba ta harbi ba ta cizo, burga ce kawai take yi wa tururuwa da tsuntsaye. Ƙwanta ɗai-ɗai ne, zagayayye fari-fari kamar ƙwayar gero, a kan sabon tofo ake samunsa, yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 4 zuwa 6, ita tsutsar ta yi kamar sati uku tana ci, sannan ta shiga ƙwanso, wato ta rufe kanta ta kwanta kafin ta fito da fiffike, wajen sati biyu.

Ni dai in mai farawa ya tambaye ni, tumfafiya nake fara tura shi. Dalili kuwa ba sai kin shuka ba, tana nan a kowane kango da bakin titi da bayan makaranta, rani da damina koriya ce shar, akuya ba ta dame ta ba, ba kuma wanda ke ɓata kuɗinsa ya yi mata feshi. A jikinta ne malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da baƙin gefe da farin ɗigo yake ƙwai, Danaus chrysippus, wanda yake tashi a hankali abunsa kamar ba ya tsoron kowa. Kuma da gaske ba ya tsoro, don gubar tumfafiyar da ya ci yana tsutsa tana nan a jikinsa, tsuntsun da ya haɗiye shi sau ɗaya ya yi amai ba ya ƙarawa. Namu na nan Afirka ta Yamma akasari fiffikensu na baya fari ne, shi ya bambanta su da na Indiya da kike gani a hoto. Ki ɗaga ganyen ki duba ƙarƙashi, za ki ga ƙwai ɗan ƙarami fari mai tsini kamar kan harsashi, ko ki ga an ci ganyen an yi ɗan zagaye, toh tana kusa. Tsutsar mai zane-zane ce fari da baƙi da ruwan ɗorawa, da wasu zarurruka baƙaƙe guda shida, biyu gaba biyu tsakiya biyu baya. Da zafin garinmu daga ƙwai zuwa tashi bai cika kai wata guda ba, wanda ya dace da haƙurin yaro.

Sai dai dan Allah a kula da ruwan tumfafiya, farin nan mai kama da nono. In ya shiga ido yana ƙona shi, mutum ya yi kwanaki yana gani dishi-dishi, akwai waɗanda sai da aka kai su asibitin ido. Ke za ki riƙa yankowa ba yaro ba, ki sa leda a hannu, ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa fuska, in kuma tsautsayi ya sa ya shiga ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta na mintuna da yawa sannan a tafi asibiti, kar a tsaya sa kwalli ko tozali. Ganyenta kuma yana saurin yaushi in an yanke, dabarar ita ce ki yanko da ɗan reshe ki wanke bakin yankan a ruwa har farin ya daina fita sannan ki tsoma a kwalbar ruwa.

In kina son su riƙa zuwa gidan da kansu, wanda ni a ganina shi ne ainihin kiwon, toh sai kin yi haƙuri da ɗan ciyayi. Mu Hausawa tsakar gida in ba a share ta ƙal ba hankalinmu ba ya kwanciya, amma ki ware lungu ɗaya ki ce wa mai shara kar ya taɓa. Tafasa da rai-ɗore su ne abincin farin nan mai ɗan kore-kore da ke wucewa da gudu da yawa bayan damina, Catopsilia florella, da kuma 'yan ƙananan masu ruwan ɗorawa da ke tashi ƙasa-ƙasa. Fasa-ƙaba ɗin nan da ke shimfiɗuwa a gindin tukunyar fulawa ita ce abincin Hypolimnas misippus, wanda labarinsa ke ba ɗalibaina dariya, namijin baƙi ne da manyan fararen tabo, macen kuwa ta kwaikwayi na tumfafiya kamar an tsaga kara, ba ta da gubar ko kaɗan amma tsuntsaye na ganinta suke kaucewa, cin arziƙin kama kenan. Can wajen Maraɗi da Damagaram da arewacin Katsina inda anza da bagayi suke da yawa, fararen nan masu baƙin layi da masu jan bakin fiffike a kansu suke ƙwai. Waɗanda suka riga suka yi fiffike kuma fure suke so, zinniya da lantana da furen zogale duk suna jawo su, wasu kuma ba ruwansu da fure, ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba suka fi so, ki ajiye a faranti a inuwa ki sha kallo. In kin ga sun taru a taɓon bakin rijiya ko inda aka yi wanke-wanke, galibi maza ne, gishirin ƙasa suke tsotsa. Nijeriya tana da irin malam-buɗe-littafi sama da 1,000, mafi yawa a dazukan kudu wajen Kuros Riba, namu na arewa ba su kai haka ba amma wanda ke cikin unguwa kaɗai ya isa yaro ya yi shekara yana ganin sabo. Lokacin da suka fi yawa daga tsakiyar damina ne zuwa kaka, wajen Agusta zuwa Nuwamba.

Yanzu maganar wajen ajiye su. Kwalbar jam ta yi ƙanƙanta kuma tana gumi. Bokitin roba irin na kastad ko na fenti da aka wanke sosai ya wadatar, wanda ake ganin ciki ya fi don yaro ya yi kallo, a shimfiɗa takarda ko tishu a ƙasa, a sa reshen ganyen a ƙaramar kwalbar ruwa a tsakiya, a jingina busassun tsinke biyu uku masu kaushi, a rufe da gyalen a ɗaure da roba. Bakin kwalbar ruwan nan lallai ki toshe shi da auduga ko tsumma, don tsutsa ba ta da wayon ruwa, bin reshen take yi har ta nutse, na yi asarar da yawa a haka. Kar ki tara su, uku zuwa biyar a bokiti ɗaya sun isa, kuma kar ki haɗa manya da 'yan jarirai don in ganye ya yi ƙaranci babbar za ta haɗa da ƙaramar ta cinye. A inuwa za a ajiye inda iska ke shiga, ba a rana ba ko na minti goma, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato roba a rana tukunya ce. Da hunturu kuma matsalar bushewa ce, sai a ɗan yayyafa ruwa a jikin gyalen da safe, ba a jikinsu ba. Ba a sa musu ruwan sha, daga ganye suke samu.

Aikin kullum guda biyu ne, sabon ganye da kwashe kashi, kuma za ki yi mamakin yawan kashin, a kwanakin ƙarshe in dare ya yi shiru har ƙarar faɗuwarsa a kan takarda za ki ji, ƙwas ƙwas. In aka bar shi yana yin fumfuna, daga nan sai cuta. Ganyen ki ɗauraye ki bari ya tsane, kuma ki tabbatar daga bishiyar da ba a yi wa feshi ba ne. Dashen lemun da aka sayo kwanan nan wajen masu saida fulawa kar ki yarda da shi, yawanci an yi masa magani, wani maganin ma cikin jikin shukar yake shiga ya yi makonni wanki ba ya fitar da shi. In za ki canja ganye kar ki ciro tsutsa da ƙarfi, ƙafafunta na ciki suna da 'yan ƙugiyoyi, sai ki yaga ta, ki ajiye sabon kusa da tsohon za ta koma da kanta. In kuma za ki yi tafiya ba mai kula da su, ki maida su jikin bishiyarsu, kin san dai hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ta ba ta abinci ba ba ta kuma sake ta ba.

Akwai ranar da za ki ga ta daina ci ta tsaya cak wuni guda ko fiye, kanta kamar ya zazzago gaba. Yaro zai ce ta mutu ko ba ta da lafiya ya fara zungurinta. A hana shi. Saɓa za ta yi, fatarta ba ta girma tare da ita sai ta tuɓe ta kamar maciji, ta riga ta saƙa ɗan zare ta kafe ƙafafunta a kai don ta samu abun ja, in aka ɗaga ta daga wajen sai fatar ta maƙale mata ta mutu. Yawanci sau huɗu take wannan kafin ta biyar ɗin da za ta shiga ƙwanso, kuma tana gamawa take juyowa ta cinye tsohuwar fatar.

Shiga ƙwanson nan shi ne abun da nake so yaron ya gani da idonsa, don ni har yau in na san za a yi ba na fita. Ta tumfafiya za ta bar ganye ta yi ta yawo a bokitin kamar ta rikice, ta hau can sama jikin gyalen ta saƙa ɗan tulin zare fari, ta maƙala ƙarshenta a ciki ta saki jiki ta rataye kai ƙasa a lanƙwashe kamar ƙugiya. Haka za ta kwana. Alamar lokaci ya yi shi ne zarurrukan nan baƙaƙe su yi laushi su murɗe kamar an ƙona su, sai ta miƙe, fatar ta tsage daga bayan kai wani abu kore ya leƙo, ta yi ta mutsu-mutsu tana tura fatar sama kamar mai cire safa har ta tattare can gindi, sannan ta zaro wani ɗan baƙin tsinke daga ciki ta soka a tulin zaren ta yi ta juyi da ƙarfi har fatar ta faɗo, a nan ne gabana ke faɗuwa kullum don saura ƙiris ta faɗo ƙasa amma ba ta cika faɗowa ba. Duka-duka minti uku zuwa biyar. Bayan awa guda ƙwanson ya taurare, kore ko ruwan hoda-hoda, da ɗigon zinare da layi baƙi da zinare a sama, kai ka ce ɗan kunne ne daga Dubai. Ta lemu ita ba ta rataye kai ƙasa, a tsaye take jingina da tsinke ta ɗaura zare a ƙugunta kamar mai hawan giginya, kuma kafin ta fara za ta yi wani zawo kore mai ruwa, kar ki tsorata cikinta take wankewa.

Daga nan ba ci ba sha sai jira. Na tumfafiya sati ɗaya zuwa kwana 10. Daren da zai fito za ki ga ƙwanson ya yi duhu, in kika haska fitila za ki hango kalar fiffiken ta ciki ƙarara. Toh a tashi yaro bayan sallar asuba, don da sassafe suka fi fitowa. Zai fito da ƙaton ciki da 'yan fukafukai a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse, yaro zai ce nakasasshe ne, a'a, ruwan cikin nan zai tura cikin jijiyoyin fiffiken su buɗe a gaban idonku cikin kamar minti 15, sannan ya rataye awa biyu ko uku su bushe. Shi ya sa tsinken da gyalen suke da muhimmanci, in ya faɗo ƙasan roba mai santsi ya rasa abun hawa fiffiken a murɗe zai bushe kuma ba gyara. Zai ɗigo da wani ruwa ja-ja ko ruwan ƙasa, ba jini ba ne, dattin kwanakin da ya yi a rufe ne. Kar a kama fiffiken, a sa yatsa a gabansa zai hau da kansa, a kai shi jikin fure da hantsi a bar shi. In ana ruwa ko ya fito da yamma ya kwana, a jiƙa auduga da ruwan sukari, cokali 1 na sukari a cokali 9 na ruwa, ranar farko ma bai cika sha ba.

Abokan gaba suna da yawa, a waje cikin ƙwai ɗari da wuya 'yan kaɗan su kai ga tashi. Ƙadangare, tsaka, kaji, ƙoƙi-ƙoƙi, rina, sai zanzaro wanda shi sana'arsa kenan, in kika fasa ɗakin laka da yake ginawa a kusurwa za ki samu tsutsotsi a ciki a sume ya tara wa 'ya'yansa. A cikin gida kuwa tururuwa da cinnaka ne, dare ɗaya sun gama da ƙwanso, sai a ɗora bokitin a kan kujera a sa ƙafafun kujerar cikin gwangwanayen ruwa. Amma babban makashi mu ne. Akwai shekarar da nake da guda tara duk sun kusa shiga ƙwanso, sauro ya dame mu aka fesa fiya-fiya a falo aka rufe ƙofa, su suna can baranda na ɗauka sun yi nisa, da safe na tarar duk sun zubo ƙasa suna murɗawa suna aman kore. Maganin sauro na kunnawa, na fesawa, har turaren wuta mai yawa, duk a nisanta su.

Wani lokacin kuma kin yi komai daidai sai ki ga maimakon malam-buɗe-littafi wata farar tsutsa ta huda ƙwanson ta sauko, ko ki wayi gari bayan tsutsar ya cika da wasu farare kamar ƙwayar shinkafa. Wannan tun a waje wani ƙuda ko ɗan ƙaramin zanzaro ya yi mata ƙwai a jiki, 'ya'yansa suna cinta ta ciki tana raye, ba laifinki ba ne kuma ba magani. Shi ya sa ɗauko ƙwai ko 'yar ƙarama ya fi ɗauko babba. Wadda kuma ta yi baƙi ta yi laushi ta rataye kamar jiƙaƙƙen zare tana wari, cuta ce mai yaɗuwa, a fitar da ita da ganyen duka, a wanke bokitin da ruwan bilic a ɗauraye a shanya a rana. In duk wannan ya yi miki yawa akwai hanya mai sauƙi, ki bar tsutsar a reshenta ki ɗinka gyalen kamar hannun riga ki zura reshen ciki ki ɗaure gaba da baya, ganye ya ƙare ki matsar da ita wani reshen. Babbar bishiyar lemu tsutsa huɗu ba abun da za su rage ta da shi, ƙaramin dashe ne dai za su iya yi wa aski tas.

Af, in yaron na kallon bidiyon masu wannan kiwon a YouTube, yawancinsu 'yan Amurka ne kuma nasu ɗan uwan na tumfafiyarmu ne, wanda ke ƙaura daga Kanada da Amurka zuwa duwatsun Meziko duk shekara, ganyen da suke ba shi ma dangin tumfafiya ne. Kar ki sa a aiko miki da ƙwai ko iri daga can. Su kansu masanansu yanzu suna hana tara su da yawa a gida saboda yaɗa cuta, kuma wani bincike na jami'ar Chicago a 2019 ya nuna waɗanda aka raina a cikin ɗaki suna rasa gane kudu in lokacin ƙaura ya yi.

Sai faɗa-wuta. Ci da tsabta duk ɗaya ne, inda suka rabu shi ne wajen kwanciya. Manyan da yara ke so, masu ƙaho ɗaya a wutsiya kaurin yatsa, ba sa rataya, ƙasa suke sauka. Akwai ta ganyen dankalin Hausa, akwai ta ganyen gwaza, akwai wata ƙatuwa mai ruwan ɗorawa da zane a karkace da ake samu a tumatir da gauta, uwarta tana da hoton ƙoƙon kan mutum a bayanta kuma in kika taɓa ta tana ƙara tsii kamar ɓera, har amya take shiga satar zuma. Akwai kuma ta oliyanda, fulawar nan mai dogon ganye da fure ruwan hoda da ake shukawa a makarantu da gidajen GRA, koriya mai manyan idanun ƙarya shuɗɗa, uwarta kamar kakin soja, amma ita oliyanda guba ce sosai a kula da yara. Da kin ga irin waɗannan sun canja kala sun yi duhu suna zagaye gindin bokiti ba tsayawa, ki zuba musu ƙasa mai laushi marar taki zurfin kamar santimita 10, mai ɗan danshi kaɗan ba jiƙaƙƙiya ba, da busassun ganye a sama, ta oliyanda da ta gwaza a cikin ganyen za su kwanta sauran su nutse. Kar a tona sai bayan sati biyu. Ƙwanson ta dankali abun kallo ne, ja-ja mai sheƙi da wani lanƙwasasshen abu a kai kamar mariƙin buta, a ciki dogon bakinta yake. Su kuma da magariba ake sakinsu ba da rana ba, nesa da fitila.

Ba kowace ake kiwo ba. Gizaka da duk mai gashi ko ƙaya kar yaro ya taɓa da hannu, gashin na karyewa a fata ya yi ta ƙaiƙayi da borin jini, akwai wasu koraye gajeru masu ƙaya a ganyen mangwaro da harbinsu kamar wuta. Sannan in kuna kusa da gonaki kar ku raini ɓarna ku saka wa maƙwabta, tsutsar masarar nan da ta shigo Afirka aka fara ganinta a Nijeriya a farkon 2016, da tsutsar tumatir da ake kira sharon da ta gama da tumatirin Kano da Kaduna a wannan shekarar dai, da tsutsar da ke huda wake, da wadda ke cinye ganyen zogale ta addabi masu lambu a Maraɗi da Yamai, duk 'ya'yan faɗa-wuta ne. Waɗannan in an samu a ba kaji.

Kuma ki gaya wa yaron kakanninsa sun daɗe da sanin tsutsa. Zaren tsamiya da ake aikin babbar riga ta alfarma da shi a Kano da Zariya da Bida, wanda Yarbawa ke kira sanyan, tsutsar faɗa-wuta ce ke saƙa shi, dangin Anaphe, ɗaruruwa suke haɗuwa su yi gida guda, a ɗebo a dafa da toka a kaɗa kamar auduga. Su ba na bokiti ba ne, babbar bishiya suke so kuma gashinsu na ƙaiƙayi. Tsutsar kaɗanya kuwa cinta ake a ƙasar Nufe da Kwara, a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso ma kasuwa ce guda da damina. Amma kar wannan ya sa a ce kowace ta ci ce, ta tumfafiya da ta oliyanda guba ne, kuma a wajen Ilesha an daɗe ana fama da wata rawar jiki da tangaɗi duk damina kafin a gano cin wata tsutsar Anaphe ce ke lalata sinadarin bitamin B1 a jikin mutane.

Wanda ya shiga ƙwanso a ƙarshen kaka, ko na lemu ko na cikin ƙasa, yana iya ƙin fitowa a sati biyun da na ce, ya yi zamansa har rani ya wuce. Ta kaɗanya ma sau ɗaya take fitowa a shekara, kusan duk sauran watannin tana ƙarƙashin ƙasa. In kina son sanin ko da rai, ki ɗora a tafin hannu, mai rai yana da ɗan nauyi da sanyi, in kika shafa wutsiyar a hankali sau da yawa zai motsa ta, mataccen kuwa shafal yake kamar ɓawon gyaɗa ko ya yi baƙi yana wari. Ni akwai na lemu guda biyu da suka shiga a Nuwamba, na jira har na gaji na tura bokitin bayan buhun gawayi a sito na manta, sai bayan ruwan farko a watan Mayu uwargida ta shiga ɗibar gawayi ta ji abu na fafur-fafur a ciki ta fito da gudu ta ce ɓera ne. Ɗaya ya fito lafiya muka sake shi a jikin lemun, ɗayan kuwa na cire tsinken tun tuni na hura wuta da shi, ya rasa abun hawa, fiffikensa na hagu a naɗe ya bushe, sai ruwan sukari muka yi ta ba shi a kan auduga har kwana 11 da ya yi.